Shagon Kan Kwata

Laraba, cikin Agusta, bayan isha'i

Hadiza ta sauka, namiji! Jikana na fari, alhamdulillahi. Amma a ɗakin maƙwabta yake kwance, don ruwan jiya ya shiga ɗakin uwarsa har gwiwa.

Damina ta canza, yanzu cikin awa ɗaya take sauke ruwan mako. Kuma ni na tare masa hanya. Ni na fara gina shago a kan kwata, duk layinmu na Gyadi-Gyadi aka kwaikwaya. Ni ne mai cewa a majalisa a ƙyale mai jari ya yi yadda yake so.

Da hantsi na sa magina suka rushe shagona. Alhaji Sule maƙwabcina yana ta dariya: "Malam Garba, karatun yamman ne ya taɓa ka? Abincinka fa kake rusawa!"

Na ce, "Shagon ne zai busar da katifar mai jego?"

Haushi ya hana ni cin tuwo. Da aka sake ruwa da yamma, ya wuce ƙofata, ya tsaya cak a shagon Alhaji Sule.

Gobe zan bi masu shagunan gida-gida. Kowa ya zo ya ga inda ruwan ya tsaya, ya taho da guduma.