Abin da Na Sayo a Kantin Araha

Litinin, 3 ga Afrilu, 1961

Tun da munka gama ajin Yaƙi da Jahilci littafin nan ke kwance cikin adaka, shafi uku kawai na ɓata. Yau na sami abin rubutawa.

Malam Nuhu, malamin gona na Shagari, ya tsaya da kekensa a maƙerarmu nan Boɗinga. Ya ce garmunan shanu goma sha ɗaya ne a hannun manoman Kajiji da Lambara da Mandera, duk bakinsu ya cinye, notunansu sun yi tsatsa. In anka kai Sakkwato gyara sai an bi layi, kafin su dawo shuka ta wuce. "Wata shida da samun mulkin kai, garma ma sai mun jira?" in ji shi. Zai ba da biyu gwaji. Ɗaya mu, ɗaya Ɗanliti, wanda ya yi aikin gareji a Gusau ya dawo Shagari da jan akwati cike da kayan aiki 'yan Ingila. Wanda tasa ta fi kyau shi ke ɗaukar sauran tara.

Baba ya ce mu maƙera ne, ba 'yan kwance noti ba. Ni na ce na karɓa. A gabansa na faɗa. Shekarata talatin da huɗu, 'ya'yana uku, har yau ni ke zuga shi ke ƙira.

Alhamis, 6 ga Afrilu

Na sayar da ragon da nake kiwo don Layya. Aikin garma yana son kayan kanti, ba mu da ko sifana guda.

Matata Safinatu ta ce, "Ragon da na yi wata bakwai ina ba shi dusa?" Tuwo ya zo ba man shanu. Na gane.

Asabar, 8 ga Afrilu

Sakkwato a babbar mota. Na fara shiga babban kanti, na tambayi sifana jeri guda, akawun ya faɗi kuɗin da ya kusa cinye ragon duka. Na yi godiya na fito.

Wani mai gyaran keke ya nuna mini Kantin Araha, can bayan kasuwa. Kaya jibge cikin daro, ba kwali ba takarda. Mai kantin ya rantse duk abu guda ne da na Ingila, fenti ne kawai ya bambanta. Na ɗauki sifana uku, guduma, sukudireba, filaya, magagari biyu, zarton ƙarfe da ruwansa shida, da mahudin da ake juyawa da hannu da bakunansa. Sai wani ƙaton ƙarfe mai muƙamuƙi biyu da ke damƙe aiki in an murɗa, sun ce sunansa bais. Fentinsa ya kwaile, don haka anka rage mini. A ka na ɗauko shi daga tasha, wuyana har yanzu ciwo yake.

Baba ya ɗauki gudumar, ya ƙwanƙwasa ta jikin uwar maƙera, ya kasa kunne. Ya ajiye. "Wanga kwano na, ba ƙarhe ba."

Lahadi, 9 ga Afrilu

Wani manomin Kajiji mai suna Malami ya kawo garmarsa bisa jaki. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce, "Ɗantani, in ba ta tashi ba kafin ruwa, shanu biyu zan ciyar a banza, gonar kuwa ta fi ƙarfin hannuna." Na ce ya kwantar da hankalinsa. Nawa ne bai kwanta ba.

Talata, 11 ga Afrilu

Bari in rubuta kamar yadda ta faru.

Guduma: bugu na uku kanta ya fita, ya keta zana, ya sami randar Safinatu. Allah ya tsare ba kowa a wurin. Randa dai ta tafi.

Sifana: na sa wa noti na farko, na danna, bakinta ya wage kamar an ja ƙullun fura. Ta biyu haka. Ta uku ban gwada ba, na ji kunya. Sukudireba ta murɗe kamar igiya.

Baba bai yi dariya ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan azahar na ɗauki zarton ina cewa a raina shi ma ya nuna halinsa mu huta. Kai! Kamar rake. Noti huɗu da tsatsa ta haɗe su shekara da shekaru, kafin la'asar duk suna ƙasa, garma ta rabu gaɓa gaɓa. Ruwa biyu sun karye, amma garajena ne, na danna da yawa. Baba ya ɗauki guntun noti guda ya duba inda zarto ya bi. Ya daɗe yana dubawa.

Laraba, 12 ga Afrilu

Bais ɗin nan! Kamar mutum ya sami hannu na uku wanda ba ya gajiya. Na ɗaure shi jikin wani gungume da igiya, yana motsi amma yana yi. Magagari kuma yana cin ƙarfe lafiya lau. Filaya ba yabo ba fallasa.

Sai tunani ya zo mini: sifana mene ne in ba ƙarfe mai baki ba? Na ɗauko guntun sifirin mota da ke yashe bayan maƙera, na ƙera, na damƙe a bais, na goge bakinta da magagari har ya zauna daidai kan sabon notin da Malam Nuhu ya aiko. Na hau kanta da ƙafa. Ko gezau.

Sifana ƙirar Boɗinga. Na sa ta aljihu na je masallaci da ita.

Juma'a, 14 ga Afrilu

Na ƙera sabon bakin garma da sifirin, ya fito sumul. Saura huda uku inda noti zai shiga, kuma dole su dace da ramukan jikin garmar, ba a yi da ka. Mahudi na juyawa lafiya, amma bakunansa sun ƙi cin ƙarfen. Biyu sun dakushe. Saura ɗaya.

Malam Nuhu ya aiko cewa gwaji ran ashirin da biyu ga wata. An ce Ɗanliti ya kwance tasa tun ranar farko, cikin sa'a guda, yana fito.

Asabar, 15 ga Afrilu

Ina zaune na tasa bakin garma gaba. Baba yana tattara awartaki, bai dube ni ba, kamar da bango yake magana: "Ƙarhen mota in anka gasa shi yay yi ja, anka binne cikin toka ya kwana, laushi shikai. In an gama abin da za a yi mai, sai a sake ba shi ruwa."

Na ce, "Na'am, Baba?" Ya ce shi bai ce komai ba.

Na binne.

Lahadi, 16 ga Afrilu

Ya ci! Huda uku, bakin mahudi guda, ƙarfe na fitowa murɗe murɗe kamar gashin tunkiya. Na kira Safinatu ta leƙo ta gani, ta ce ita randa take son gani.

Wajen ba shi ruwa ne na tsaya. Na sha yi wa lauje da wuƙa, amma abu mai kauri haka ban taɓa ba. Kafin in yi magana Baba ya zauna bakin zugazugi ya kama. Shi ke zuga, ni ke riƙe da awartaki. Tun da anka haife ni ban taɓa ganin haka ba. Da launin ya kai inda yake so sai ya ce, "Yanzu." Na tsoma.

Asabar, 22 ga Afrilu

Alhamdu lillahi. Yau kam sai na rubuta.

A fadamar Kajiji anka yi, inda ƙasa ke da sauran danshi. Mutane sun fi hamsin, har da hakimin ƙauyen. Ɗanliti ya zo da jan akwatinsa ya buɗe a gaban jama'a. Gaskiya kayan sun yi kyau, sai walƙiya. Ni nawa cikin buhun gishiri suke. Wani ya tambaya ko goro na kawo, anka yi dariya.

Tasa anka fara ɗaura wa shanu. Ya ɗaure ta tsaf, ba inda ke motsi. Sai dai tsohon bakin ya buge da sanyi ya wasa ya mayar, don ba shi da wuta. Kunya biyu ta yi lafiya, a ta uku ta ci karo da saiwa, bakin ya naɗe kamar kunnen kare.

Sai tawa. Malami da kansa ya riƙe. Sunka nufi wajen saiwar nan. Ji kake ƙas, ta datse ta ta wuce. Kunya goma sha biyu ya yi bai tsaya ba, sai da Malam Nuhu ya ɗaga hannu. Anka ɗaga garma, ya shafa bakin da yatsa, ya ce, "Taran naka ne."

Malami ya riƙe hannuna da hannu biyu yana ta cewa, "Madalla, madalla."

Ɗanliti ya zo ya duba sifanata, ya juya ta ya sake juyawa. "Wane kanti?" Na ce kantin Bawa Maƙeri, wato maƙerar Baba. Namiji ne, ya yi dariya.

Na dawo na ba Baba labari tun daga farko. Abin da ya tambaya kawai, bakin bai tsage ba? Na ce ko kaɗan. Ya ce to.

Alhamis, 27 ga Afrilu

Na koma Kantin Araha, wannan karon da magagari a aljihu. Duk abin da na ɗauka sai na goga masa a gefe. In magagari ya nutse, in ajiye. In ya zame, in saya. Mai kantin ya ce, "Malam, ɓata mini kaya ka zo yi?" Na ce na zo in sayi na kirki ne. Daga baya shi da kansa ya riƙa miƙo mini in gwada, yana ware wa gefe.

Na sayo ruwan zarto dozin biyu, bakunan mahudi, magagari zagayayye na gyaran rami. Randa kuma a kasuwa, wadda ta fi waccan.

Abin da na gane ke nan, in rubuta kar in manta. Abin da ke yanka ko goga ko riƙewa, na araha ya isa, in ya ƙare a sake. Abin da za a buga ko a danna da ƙarfi, kar a saya, a ƙera.

Laraba, 10 ga Mayu

Biyar sun tafi, saura huɗu. Ba lokacin rubutu.

Asabar, 13 ga Mayu

Ɗanliti ya zo har maƙera. Yana son bakin garma uku na wasu mutanen Shagari da sunka kai masa gyara, da sifana guda babba wadda akwatinsa ba shi da ita. Mai kayan Ingila! Na yi ƙoƙari fuskata ba ta nuna komai ba. Ban sani ba ko na iya.

Masu keke da kafintan makaranta sun fara tsayawa suna tambayata abin da za su sayo in sun shiga birni. Na ce wa kafintan ya bar guduma da sukudireba, ya zo nan.

Litinin, 22 ga Mayu

Layya ta matso, wuƙaƙe sun yi yawa. Na dawo daga kai garma Lambara na tarar Baba ya damƙe wuƙar liman a bais yana bi da magagarina. Da ya gan ni ya ce dutsen washi ne ya yi nisa. Dutsen yana nan gefen ƙafarsa.

Asabar, 27 ga Mayu

An yi Sallah. Ba mu yanka ba bana, na sani tun farko. Amma Malami ya aiko da cinya guda, mutanen Mandera ma sun aiko, Lambara haka. Har maƙwabta munka ba. Safinatu tana suya tana cewa ita dai ragonta ya fi mai. Amma tana waƙa.

Alhamis, 8 ga Yuni

Ruwan shuka ya sauka jiya, mai yawa. Duk goma sha ɗayan suna gona. Ba wadda ta dawo.

Talata, 13 ga Yuni

Malam Nuhu ya zo da magana. Akwai rumfa kusa da ofishinsa a Shagari, mai rufin kwano, in ina so tawa ce. Ya ce baɗi garmuna za su ninka, ga amalanke na zuwa, yana son mai gyara a kusa. Wurina na kaina, sunana a allo.

Na ce ina so. Me zai hana? Abin da nake nema ke nan.

Baba na nan lokacin. Ya ce wa Malam Nuhu, "Ku ɗauke shi, ya iya." Bai taɓa faɗin haka a kaina ba. Da ya tashi zai shiga gida na lura sai da ya dafa bango sau biyu. Ban san yaushe ya fara hakan ba.

Lahadi, 18 ga Yuni

Na aika wa Malam Nuhu cewa sai bayan damina. Hanya ta lalace, ga gawayin Boɗinga ya fi na can kyau, kowa ya sani. Shagari ba nisa ba ce, mai garma ya ɗoro bisa jaki kamar da.

Bais ɗin nan motsinsa ya dame ni. Yau na sami kututturen ƙirya, na haƙa rami kamu biyu a maƙera, na dasa, na daddaɓe da tsakuwa, na kafe bais a kai da noti huɗu. Na sa shi ta gefen da Baba ke zama, don can haske ya fi. Na kuma rage masa tsawo kaɗan, yadda mutum zai iya aiki daga zaune.

Baba ya ce, "In za ka tashi fa?"

Na ce sai in tone.

Ya dubi ramin, ya dube ni. Ya miƙo mini wani lauje ya ce in riƙe masa.