Muryar Baba a Kaset

Daga ofishin Babban Injiniyan Rediyo da Kwamfuta na Ikko baki ɗaya, zuwa ga Malama Rahinatu, Kajiji.

Assalamu alaikum. Ya maigida da yara? Ya Inna can Boɗinga, da ciwon ƙafarta? Mu lafiya lau muke, sai ɗakinmu da ke yoyo, amma injiniya ba ya kuka.

In na gama sauke albasa, nakan bi 'yan gwangwan in tsinci tsoffin rediyo da kwamfutoci. Sha ɗaya gare ni yanzu, uku na magana. Rikodar Baba, wadda Inna ta ba ni in gyara, ita ma ta tashi. Roba ce kawai ta tsinke.

Yaya, ki zauna. Kaset ɗin da Baba yay yi muna nasiha kafin rasuwarsa shina ciki. Garin gwaji na danna jan maɓallin ɗaukar murya, na tsaya kwaikwayon mai karanta labarai, abokai na ta dariya. Na shafe shi. Abin da yas saura shi ne inda yac ce, "Nafi'u, ka rage wasa," sai muryata ta hau.

Inna na jiran ta ji shi da Sallah. Don Allah ki je ki faɗa mata kafin in zo, bakina ba ya iyawa. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Inna haƙuri da ni.

Babu wani injiniya, Yaya. Ƙanenki ne, Nafi'u, wanda bai rage ba.