Kwana tara tsakanin kai ƙofa da rubuta takarda

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke gina azuzuwan firamare a Roni da Gwiwa.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Jiya akawunka ya dawo mana da takardar neman biya, karo na uku. Ni ke rubuta wa yayana, Malam Ilu mai walda a Kazaure, takardunsa, don haka ni zan yi bayani.

Na ɗaya. Kun ba shi aikin ƙofofi goma da tagogi arba'in na ƙarfe, a kan naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. An kai, an kafa. Yara ma sun fara lilo a jikinsu, ko ɗaya ba ta motsa ba.

Na biyu. Karon farko an ce babu hatimi, muka sa aka sassaƙa. Karo na biyu an ce kwafi uku ake so, muka kawo huɗu. Yanzu kuma laifinmu shi ne kaya sun isa ran Asabar, takarda ta biyo baya da kwana tara, alhali dokarku ta ce su zo rana ɗaya.

Ga abin da ya faru a kwana taran. Yayana ɗan maƙera ne, kuma a gidanmu ba a faɗin kuɗin aiki sai an ga aikin ya zauna. In ya kafa ƙofa, yakan bari a yi mako ana buɗewa ana rufewa, sannan ya hau babur ya koma ya duba ko sakata na shiga, ko ƙyaure na gogar ƙasa. A Gwiwa ya tarar da ƙofofi uku sun karkace, domin maginanku sun yi gaggawa. Ya gyara bai ƙara ko kwabo ba, sannan ya ce in rubuta.

Na uku. Akawun, cikin kirki, ya ba mu shawarar mu mayar da kwanan watan baya, a biya mu nan take. Ni da na amince. Yaya ya ƙi: a ganinsa ba zai sa hannu cewa ya gama aiki ranar da bai gama ba. Na yi lallashi har na gaji.

Abin da ya sa na fito fili shi ne, da bashi Yaya ya ɗauko ƙarfen a Kano, ya jinginar da injin waldarsa. Dillalin ƙarfen ya ba shi zuwa Juma'a ya biya. In injin ya tafi, an rufe shago.

Roƙona biyu ne. Ka karɓi takardar da kwananta na gaskiya. Ka kuma ƙara layi ɗaya a fom ɗinku, na ranar da aka duba aiki.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama ginin nan da mutunci. Direbanku ya ce za ka zo Gwiwa ran Laraba da littafin cak. Ofishinka bai tabbatar ba tukuna.

Wassalam.

Garba, ƙanen Malam Ilu,
Kazaure.