Layin da Daeng Nompo Ya Tsallake

Litinin, 4 ga Satumba

An harbi Daeng Kebo mai wainar shinkafa yau da asuba. Tana hanyar kasuwa da tirenta, samari biyu a kan babur suka shigo ta bakin lungu na gabas, suka fizge jakarta, na bayan ya sakar mata kibiyar ƙusa da danƙo, suka fice ta yamma. A cinya ta same ta. Karo na uku ke nan a lungunmu bana.

Na je dubiya. A barandar asibiti na hango yayanki, Jum. Daeng Nompo. Ya rame, rigar ma ta yi masa yawa. Na ɗaga hannu rabi, ya wuce abinsa. Shekara huɗu ke nan muna haka, ban san me ya sa na yau ya fi cin raina ba.

Shekara shida da rasuwarki, Jumriah, har yanzu in na buɗe littafin nan da ke nake magana.

Laraba, 6 ga Satumba

Haji Mappa ya kira ni teburinsa a shagon kofi. Tun da ya karɓi kujerar mai unguwa daga hannun yayanki muryarsa ta ƙara kauri. Wai ya kwana yana tunani, Allah ya ba shi mafita: a kafa ƙofar ƙarfe a bakin lungu gabas da yamma, a kulle da ƙarfe goma, makulli a hannun 'yan sintiri.

Saura kaɗan kofi ya sarƙe ni. Na ce, "Haji, ai wannan ƙofar Daeng Nompo ce."

Ya ce, "Pak Guru, malaminmu, kai ma dai. Tasa kurkuku ce, tamu tsaro ce. Kuma tamu da fenti za ta zo."

Tebur ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, Allah ya gani na yi. Yana so in rubuta masa jawabin da za a karanta a taron unguwa ran 24 ga wata, kuma ni zan karanta, wai tun da na bar koyarwa ba a sami mai alƙalami irina ba. Na san fadanci ne, amma ya shige ni. Kin san halina.

Asabar, 9 ga Satumba

Ban taɓa rubuta abin nan a littafin nan ba, kunyarki nake ji. Bari in rubuta.

Lokacin da yayanki yake mai unguwa ya kawo maganar ƙofa. Zaɓe ya matso, shi yana bayan ɗan takara ɗaya, mu muna bayan wani. Su Haji suka ce in ƙofar nan ta tsaya a lokacinsa, ta zama tutar jam'iyyarsu. Aka ce in rubuta takardar koke. Na rubuta cewa ba za a mayar da mu fursunoni a gidajenmu ba, cewa mai naƙuda za ta haihu a bakin ƙarfe kafin a tayar da mai makulli. Duk wannan siyasa ce, da ya yafe.

Amma na ga takardar ba ta da yaji. Sai na ƙara layi ɗaya: wanda ya kasa tsare ɗansa a gida, shi ne zai kulle unguwa?

Kin tuna ranar da muka je ofishin 'yan sanda ni da ke muka karɓo ɗansa Ical, yana ɗan shekara sha shida, an kama shi da kibiya a jaka. Mu huɗu kaɗai muka sani a duniya. Ke kika sa ni na rantse. Na tsaya a gaban mutum ɗari na karanta layin nan da lasifika. Bayan wata biyu yaron ya bar gari, ya tafi aikin jirgin ruwa can birnin Balikpapan, ko sallah bai ƙara zuwa ba.

Aka yi watsi da ƙofa. Muka ci zaɓe. An yanka akuya.

Talata, 12 ga Satumba

Na zauna da takarda tun safe. "Jama'ar unguwa masu daraja." Iyakar abin da ya fito ke nan.

Juma'a, 15 ga Satumba

Bayan an idar da salla, samarin ɓangaren yayanki suna tsaye a ƙofar masallaci suna raba takarda. Ɗaya ya miƙo min yana murmushi. Takardar koken nan tawa ce. Sun yi mata kwafi har da sa hannuna a ƙasa.

Yanzu su ne masu cewa kurkuku. Mu kuma mun fara kiransu abokan ɓarayi, sunan da suka kira mu da shi wancan karo. Ba wanda ya ji kunya, ba wanda ma ya nuna ya tuna. A gidan rediyo ma haka kansilolin suke yi kan maganar kyamarori, waɗanda suka ce ɓarnar dukiya ce bara su ne suke rantsuwa da ita bana.

Na karanta ta a gida. Abin haushi, ta rubutu da kyau. Layin yana nan a sakin layi na huɗu, ba su cire ba.

Lahadi, 17 ga Satumba

Lahadi ce ta fi wuya. A da, da warhaka yayanki ya shigo ba sallama da ledar miyar nama ta coto mai zafi, yana cewa ya san ban iya dafa ko ruwa ba. Mu ci, mu baje domino a baranda, ya yi min maguɗi ƙiri-ƙiri ya ce idona ne ya tsufa. Can sai ya ɗauko labarinki. Yadda kika faɗa rijiyar kakarku kina bin kaza. Yadda kika ƙi cin abinci kwana biyu don an aske miki kai. Na ji su sau hamsin, ban taɓa cewa na ji ba.

Duk garin nan shi kaɗai ya rage wanda ya san ki kina yarinya. Gida bakwai ne tsakaninmu. Ina kewarsa, Jum. Na rubuta, ga shi nan.

Laraba, 20 ga Satumba

Jawabi ya fito yau a zama ɗaya. Na yi ta murna har na sake karantawa.

Babur yana ratsa lungunmu cikin daƙiƙa arba'in. Ɓarawo ba ya shiga inda bai ga mafita ba. Makulli uku, biyu wurin 'yan sintiri, ɗaya wurin ungozoma saboda mai naƙuda da marar lafiya. Ko ɗaya ba nawa ba ne. Maganar yayanki ce ta wancan taron, har da yadda ya jera ta. Shi ya tsaya da agogo ya ƙirga daƙiƙun nan. Ashe ya amsa maganar mai naƙuda tun kafin in tashi, na ji shi sarai, na yi kamar ban ji ba.

Na kai wa Haji. Ya ce tunaninsa ne sak, kamar na shiga kansa.

Juma'a, 22 ga Satumba

An ce Daeng Nompo da kansa zai karanta takardata jibi. Mutanensa sun matsa masa, wai ba abin da zai kashe bakinmu kamar wannan.

In ya karanta layin nan da bakinsa, shi ke nan. Ba hanyar komawa.

Lahadi, 24 ga Satumba

An yi taro bayan la'asar a farfajiyar masallaci. Kujerun roba, mu a dama, su a hagu, mata a baya. An kawo Daeng Kebo da sanda.

Ni na fara. Da na zo daƙiƙa arba'in na saci kallon yayanki, ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ɓangarenmu suna tafi, nasu suna tsaki, ga maganar da suka yi wa tafi da hannuwan nan nasu. Na kai ƙarshe ya kamata in zauna. Sai na ji bakina yana cewa duk abin da na karanta na Daeng Nompo ne, shi ya faɗe shi a nan wurin shekara huɗu da suka wuce, ni aro na yi. Ban shirya ba. Haji ya kalle ni kamar na zuba masa ruwan zafi a cinya.

Sai aka miƙa wa yayanki lasifika da takarda. Ya tashi a hankali saboda gwiwa. Ya riƙe ta a gabansa ya fara, murya a kwance, ba gargada ko ɗaya. Fursunoni a gidajenmu. Mai naƙuda a bakin ƙarfe. Har inda nake ja in huta, nan yake ja. Ban taɓa jin rubutuna ya yi daɗi haka ba, kuma ban taɓa ƙinsa haka ba.

Ya zo sakin layi na huɗu. Kowa da kwafi a hannu, kowa ya san abin da ke tafe. Da ya iso layin, ya tsallake shi. Sai ya wuce na biyar.

Wani daga bayansa ya ce ya bar layi. Bai juya ba.

Kafin a ɗaga hannu Daeng Kebo ta nemi magana. Ta ce ita ba ta yi makaranta ba, a taimaka a gaya mata kibiyar da aka ciro daga cinyarta ta wace jam'iyya ce, don ta san wa za ta gode wa. Mata suka yi dariya. Maza ba su yi ba.

Ƙofa ta ci da tazarar hannu huɗu. Ni na ɗaga mata, shi ya ɗaga a kan ƙin ta. Ya fita ta ɗaya gefen.

Talata, 26 ga Satumba

Na je shagon kofi, kujerata tana ƙarƙashin wani. Haji ya ce ba komai, tsufa ne, harshe yakan zame. Amma aikin da ba mai so ya bar min, tsara jerin 'yan sintiri, mutum biyu kowane dare. Ya ce in haɗa namu da namu, nasu da nasu, kada a yi faɗa a kan makulli.

Na tsara. Alhamis ta rage ba kowa, sunaye biyu suka rage. Haka lissafin ya faɗo, ba ni na shirya ba.

To, na ɗan shirya.

Asabar, 30 ga Satumba

Ina ba shuke-shukenki ruwa da yamma ya tsaya a bakin shinge. Bai shigo ba. Titi yake kallo.

Ya ce, "An ce ka haɗa ni da kai."

Na ce haka ya faɗo.

Ya ce, "Ƙarya kake, Rasid. Ƙofata ce na ɗaga hannu na ƙi ta, kai ka kashe ta ka ɗaga hannu ka so ta. Tsofaffin banza biyu, su za a ba makulli."

Na ajiye bokiti. Na ce, "Daeng, layin nan da ka tsallake..."

"Ba don kai na tsallake ba."

"Na sani. Ina so in ce..."

"Ba ni za ka gaya wa ba. Ba sunana ka ɓata ba."

Ya karanto min lambar wayar Ical da ka, sau biyu, ya ce in rubuta kafin in manta. Na rubuta a tafin hannu. Ya tafi yana dafa shingen maƙwabta.

Litinin, 2 ga Oktoba

Masu walda sun fara aiki a bakin gabas. Fentin launin jam'iyya ne, ba shakka. Ban kira ba.

Laraba, 4 ga Oktoba

Na kira. Ya ɗauka a bugu na biyu, ana jin inji a bayansa. Muryar babban mutum. Na faɗi sunana ya ce, "Om," wato kawu, kamar yadda yake kirana tun yana rarrafe, sai na rasa duk abin da na tsara. Na faɗa dai yadda ya zo. Cewa na ci amanarsa, na ci taki, don a tafa min.

Ya bar ni na kai ƙarshe. Sannan ya ce na makara, amma ya ji. Bai ce ya yafe ba, ban kuma roƙa sau biyu ba.

Har zan kashe ya ce in tsaya. Ya ji an haɗa mu sintiri.

"Om, ka riƙe masa tocila, ka bi ta gefen kwata. Idonsa ya tafi, yanar ta rufe duka biyu. Shekara biyu ke nan ko saƙona ba ya iya karantawa, maƙwabta ke karanta masa. Ba zai gaya maka ba."

Na ce ai ran Lahadin taro ya karanta shafi biyu a gaban jama'a ba tuntuɓe.

Ya ce, "Ba karantawa ya yi ba, Om."

Na zauna a bakin gado da waya a hannu har aka kira magariba. Shekara huɗu yana ɗauke da takardata a ka, kalma bayan kalma, ni da na rubuta sai da na ga kwafi na tuna.

Gobe Alhamis. Na sayo sabon batir. Ba wani abu ba ne, tsohon ne ya yi sanyi. Zan biya ta gidansa tun kafin isha'i, in ya tambaya in ce hanyata ce.