Kuɗin Hajjin da ke Asusun Ousseina

Greensboro, Lahadi

Baban Afnan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Afnan tana gaishe ka, da Turanci kamar kullum.

Hankalina ba a kwance yake ba. Ka san Ousseina, 'yar maƙwabcinmu Malam Zabeirou mutumin Maraɗi, wadda nake koya wa lissafi ranar Asabar. Ta samu aiki a wani gidan abinci a Sedgefield, tana tara kuɗin karatun nas. Da aka ba ta W-4, takardar da ke nuna harajin da za a riƙa cire wa mutum daga albashi, ni ta kawo wa. Na yi mata bayani dalla-dalla: ko da tana cikin waɗanda mahaifinta yake rubutawa a ƙarƙashinsa a takardun harajinsa, tana iya neman kada a cire mata harajin tarayya, muddin bara haraji bai hau kanta ba, bana ma ba ta sa ran zai hau. Na tambaye ta ko wani kuɗi yana shigo mata ban da albashi, ta ce babu. Ta rubuta Exempt, wato kada a cire mata, ta sa hannu.

Jiya mahaifinta ya ga takardar albashinta ba harajin tarayya a ciki. Ya zo har ƙofata. Ka san yana jiran intabiyu na zama ɗan ƙasa, kuma abokan aikinsa sun cika masa kunne cewa maganar haraji kan rusa komai. Na nuna masa an cire na Social Security da Medicare, wato na fansho da na lafiyar tsofaffi, na rantse masa doka ce ta yarda. Bai gamsu ba. Ya ce in ya ji ko ƙyas, Ousseina ta bar aikin, karatun ma a haƙura. Yarinyar nan kuwa ba ta da wata hanya.

Ka sa mu a addu'a. A gaida Inna da kowa.

Matarka,
Daso


Greensboro, Asabar

Baban Afnan,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗi da ka ce Inna ta fara cin abinci, Allah ya ɗorar.

Yau na je suna a McLeansville. Muna cikin cin dambu sai Hajiya Dalila, mahaifiyar Ousseina, ta shiga yabon 'yarta. Ashe tun farkon shekara matan Nijar na unguwarmu suka zuba kuɗin da suke tarawa na Hajji a wani asusun banki da sunan yarinyar, don ita ce ta iya harkar banki ta waya kuma kowa ya amince da ita. Hajiya tana dariya ta ce abin da ya dame su kawai kuɗin ruwa ne da banki yake ta ɗorawa. Ba sa cin sa, duk wata sai su ɗiba su sayi sabulu da tsintsiya a kai banɗakin masallaci.

Nan take na gane an samu matsala. Ousseina ba ƙarya ta yi mini ba. A wajensu kuɗin haram ba kuɗinka ba ne, balle ka kira shi abin da ke shigo maka. Amma gwamnati ba ruwanta da wannan, sunan wa ke kan asusu take kallo. Yaron da ke ƙarƙashin iyayensa kuma yana aiki, in irin wannan kuɗi ya haura dala ɗari huɗu da hamsin a shekara, haraji ya hau kansa, ba shi da damar rubuta Exempt. Na ja Ousseina gefe ta buɗe asusun a wayarta. Ya haura tun watan jiya.

Ta riƙe hannuna tana kuka, tana roƙona kada babanta ya ji. Na ce mata abin da aka ɓoye shi ne yake girma. Amma wallahi ni ma tsoron fuskarsa nake ji.

Ka gaida mutanen gida.

Taka,
Daso


Greensboro, Talata

Baban Afnan,

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa Inna fatan samun sauƙi.

Shekaranjiya na je wurin Malam Zabeirou da maganar. Ban yarda in je ni kaɗai ba, na ɗauko Anti Rahina mai cike wa mutane takardun haraji. Ta faɗa masa kuskure ne da ake gyarawa: Ousseina ta miƙa sabuwar W-4 a fara cire mata, ta shigar da bayanan harajinta a kan lokaci, ta biya ɗan abin da ya hau kanta. Ta ce harajin yarinyar daban, nasa daban, amma ya sanar da lauyan da ke bin maganar zamansa ɗan ƙasa don ya ji daga bakinsa. Hajiya Dalila ta tafa hannu ta ce in gwamnati kuɗin ruwa take so, ta zo ta kwashe duka, dama nauyi ya yi musu.

Babu wanda ya yi dariya.  Malam Zabeirou ya ce a fitar da kuɗin matan daga sunan 'yarsa cikin makon nan. Maganar aiki kuwa bai ce uffan ba, ya tashi ya shige ciki.

Jiya da safe na leƙa ta taga na ga ya tada mota, Ousseina tana gefensa. Shi ya kai ta Sedgefield da kayan aikinsa a jiki, ya shiga har ciki, ya tsaya sai da manaja ta karɓi sabuwar takardar W-4. Ousseina ta ce mini kunya ta kusa kashe ta a gaban abokan aikinta. Da zai fita ya tambaye ta ƙarfe nawa take tashi, don ya dawo ya ɗauke ta.

Ka dawo mana lafiya, gidan ya yi mini faɗi. A shafa mini kan yaran Yaya.

Matarka mai begenka,
Daso