Dokin da Ya Tona Mini Asiri

Zuwa ga 'yata Nayeli,

Gaisuwa mai yawa daga Wyoming. Yaya mamanki da ciwon ƙafa? Yaya maigidanki? Ni lafiya ƙalau, sai yatsun da igiya ta murɗe mini, su ma sun fara lanƙwasuwa.

Ranar Asabar mu makiyaya huɗu muka shiga gari a kan dawakai. A nan in ana so a san halin mutum, sai a sa shi ya saki linzami, a ga inda dokinsa ya saba tsayawa. Mu ma muka gwada. Na tsoho Hollis ya ratsa motoci, bai zame ko'ina ba sai ƙofar mashaya. Muka yi ta dariya.

Hollis ya ce mini, "To waliyyi, saki naka mu gani."

Na saki. Ya miƙe sai gidan waya, ya zura kai ta taga. Darlene mai raba wasiƙu ta shafa masa goshi ta ce, "Yau ma babu, ɗan albarka. Ka gaya wa ubangidanka."

Ba wanda ya yi dariya. Hollis ya gyara hula ya kalli titi.

Na san ban zo bikinki ba, ban kuma ce ki daina fushi ba. Allah ya yi miki albarka, ya ba ku zaman lafiya. In da hali, ki aiko da hoton bikin, ko layi biyu. Ni na iya haƙuri. Dokin ne kullum sai ya tsaya, kuma na rasa abin da zan ce masa.

Mahaifinki,
Eusebio