Gunilla Ba Ta Tayi Sau Biyu

Falun, Suwidin
Farkon Yuni

Yaya Widad,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Mama da yara. Yaya zafin Basra? Ki gaishe min da shi, wallahi har shi na yi kewa.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba, gida nake so in dawo. Na gaya wa Muhannad da zarar bazarar nan ta wuce ni da Rawan za mu taho, shi ya zauna da bas ɗin da yake tuƙawa da fasinjojinsa marasa magana. Ransa ya ɓaci, ya ce so nake in raba yarinya da ubanta. Na san da gaskiyarsa, amma shekara biyu ke nan ban da wadda zan kira tawa a garin nan.

Da na sa rai da maƙwabciyarmu ta sama, Gunilla, wata dattijuwa da ta bar aikin jinya, mijinta ya rasu. Ita kaɗai ke tsayawa ta gaishe ni a matattakala. Shekaranjiya ta tare ni ta ce, "Sundus, za mu yi bikin tsakiyar bazara a gidanmu na bakin tafki. Ko za ku zo, ke da maigidan da yarinyar?" Daɗi ya kama ni kamar in rungume ta. Na ba ta amsar da duk 'yar mutunci za ta bayar: "Haba, a'a, kada mu ɗora miki nauyi." Kin san abin da ta ce? "To, shi ke nan." Ta ɗauki jakarta ta haye.

Ko mai shagon unguwarmu ta Basra da ba ma ga maciji da shi zai ƙara da "don Allah". Ashe tayin fatar baki ne. Haka ta yi min da ta kira ni shan kofi, haka ranar da ta ce mu je daji yawo. Na shiga ɗaki na yi ta kuka har Rawan ta tambaye ni wa ya mutu.

Ki fara shigar wa Mama da maganar a hankali. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Sundus

*

Basra

Zuwa ga ƙanwata Sundus,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Mama lafiya, ƙafar ce dai. Zafin da kika gaisar yana amsawa, ya ce ki zo ki kwashe shi, tun safe aka ɗauke wuta.

Ban gaya wa Mama komai ba. Na duba wasiƙarki yadda nake duba jarrabawar ɗalibaina, na ga amsa ɗaya kika yi ta maimaitawa. Kofi, a'a. Daji, a'a. Gidan tafki, a'a. Ni ban taɓa ganin mutumin Suwidin ido da ido ba, amma mai tayin fatar baki ba ya dawowa da sabon tayi bayan an ƙi na farko. Ba ki taɓa tunanin cewa a can in an ce a'a, a'ar ake nufi ba? Wataƙila ita ma tana can sama tana cewa, me na yi wa 'yar Iraƙin nan?

Ki hau ki ƙwanƙwasa, ki ce kina son zuwa. Na san halinki, kin gwammace ki kwana da yunwa da ki miƙa hannu tun tayin farko. Tarbiyyar Mama ce, kuma a Basra daidai ne. Amma aure ba zai tsage biyu don kina kunyar hawa bene ba. In ta kore ki, ni da kaina zan tarye ki a filin jirgi.

Allah ya yi miki jagora. A sumbaci Rawan.

Yayarki,
Widad

*

Falun
Ƙarshen Yuni

Yaya Widad,

Sallama da gaisuwa. Na ji haushin wasiƙarki har na ajiye ta ƙarƙashin tukunya, amma na hau. Na riƙe farantin kek ɗin dabino don in sami abin kallo. Tana buɗewa na ce, "Gunilla, ni fa ina son zuwa."

"Amma kin ce a'a."

"A wurinmu haka ake cewa. Sai an matsa miki za ki karɓa, in ba haka ba a ce kwaɗayi gare ki."

"Mu kuma in mutum ya ce a'a kika matsa masa, kin raina shi ke nan, kamar bai san abin da yake so ba." Sai ta zauna a kan bencin cire takalmi tana kallona. "Har kofin kina so?"

"Ina so."

"Dajin fa?"

"Har takalmin shiga na saya."

Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ta riga ta gaya wa 'yarta cewa na gaji da tsohuwa mai surutu, ta kuma yi alkawarin daina damuna. Surutu fa, Yaya. Matar da ko Mama tana barci ta fi ta magana. Tausayinta ya kama ni, na ji kunyar kaina.

Mun je bikin. An yi wa Rawan kambin furanni, Muhannad da gemunsa ya shiga layi yana tsallen kwaɗo ana kewaya sandar ganye. An ba ni kifin nan nasu mai tsami, na haɗiye da ƙyar. Da aka sake miƙowa na ce a'a, nan take aka ɗauke kwanon. A ranar na ga amfanin al'adarsu.

Kada ki yi saurin murna. Hunturu na tafe da duhunsa, kuma tsohuwa ɗaya ba ta zama Basra ba. Ban ce wa Muhannad na fasa ba, shi ma bai tambaya ba. Ki gaida Mama.

Sundus

*

Falun
Nuwamba

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Duhun ya zo, tun la'asar ake kunna fitila. Jiya ina naɗe dolma, shinkafar nan tamu a cikin ganyen inabi, aka ƙwanƙwasa. Gunilla ce, ba waya, ba alkawari, a ƙasar da ko 'yarka sai ta sa rana kafin ta zo. Na ce ta zauna ta ci. Ta ce ta ƙoshi wallahi, sannan ta tsaya ƙiƙam, kunnuwanta ja wur, idonta a kan tukunya, tana jira. Na cire mata rigar sanyi da ƙarfin tsiya, na cika mata faranti.

Da Muhannad ya dawo ya same mu, na ce masa gobe ya saya wa Rawan takalmin shiga ƙanƙara, kuma ya sayo mai ɗan girma don ya kai ta baɗi. Tun daga bakin ƙofa ya gane na fasa tahowa, ya tambaye ni lambar ƙafarta.

Ki gaida Mama. Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Sundus